Ta'aziyyar da Ta Makara Shekara Saba'in

Labarin nan yana yawo a cikin dangi iri biyu, kuma duka biyun ba haka aka yi ba. Na farko shi ne wanda kawunku Sale yake bayarwa a wajen ɗaurin aure, wai ubanku ya je karatu Malesiya ya ɓuge da yi wa Yahudawa aiki har suka ba shi digiri kyauta. Na biyu shi ne wanda ke Safiyya kika rubuta a makaranta, inda kika mai da ni jarumin da ya tsaya gaban jama'a ya kare baƙuwarsa. Na farkon ya ɓata mini suna, na biyun ya sa mini rigar da ba tawa ba, kuma a shekaruna rigar aro ta fi zagi nauyi. Don haka ga yadda aka yi.

Na tafi Kuala Lumpur da furfurata, bayan na shafe shekaru ina aikin adana takardu a jami'a. Abin da ya kai ni bai wuce takaici ba. Tsofaffin garinmu suna ta mutuwa da labarinsu a ciki, ni kuwa ina so in koyi yadda ake naɗar muryar tsoho a ajiye ta har jikan jikansa ya ji. Malamar da ke duba aikina, wata 'yar gajeriyar farfesa 'yar ƙasar wadda ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, ta ce mini waɗanda suka fi kowa iya wannan aiki suna Ostireliya. Wani gidan tarihi ne na Yahudawa. A lokacin yaƙin duniya na biyu gwamnatin Jamus ta wancan zamani ta riƙa kwashe Yahudawan Turai a jiragen ƙasa tana kai su sansanoni tana hallaka su. Wasu daga cikin waɗanda suka tsira suka yi ƙaura can, da suka ga tsufa ya zo sai suka kafa gidan, suka zauna ɗaya bayan ɗaya suna ba da labarinsu ana naɗa.

Na ce, "Farfesa, duk duniya babu wani gidan tarihin sai wannan?"

Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Murya kake tsoro, Sabo? Boleh lah, za ka iya. Je ka saurara."

Shekara biyu na yi ina sauraro ta intanet a gidanmu na haya a unguwar Pantai Dalam, hawa na goma sha ɗaya, da abin ji toshe a kunnena. Na shiga da niyyar koyon inda ake ajiye makirfo da yadda ake yin shiru a bar tsoho ya numfasa. Ban yi wata guda ba na fara shiga banɗaki in buɗe famfo don kada mahaifiyarku ta ji ina kuka. Amma idan na fita cikin 'yan'uwanmu Hausawa aka tambaye ni a kan me nake bincike, sai in ce tarihin Turawa. Ba ƙarya na yi ba, gaskiyar ce na yi wa aski. Zukatan mutanenmu suna ciwo saboda Falasɗinu, tawa ma haka, kuma da yawa ba sa raba soja mai bindiga da tsohuwar da ke zaune a Ostireliya. Ni na san bambancin sarai. Sai dai ina neman kujerar shugaban ƙungiyar ɗalibanmu a zaɓen da ke tafe, har na ɗinka sabuwar babbar riga, don haka na ja bakina na tsuke.

Gidan tarihin yana da ƙa'ida. Kana iya sauraro yadda ka ga dama, amma ba ka sa maganar mutum a kundinka sai mai muryar ya sa hannu da kansa. Rabin kundina kuwa a kan muryar mace ɗaya ya tsaya, wata tsohuwa mai suna Rifka, ita kuma ba ta sa wa kowa hannu sai ta ga ƙwayar idonsa. Lokacin da aka ɗibar mini zai ƙare ƙarshen watan. In ban miƙa kundi ba, in koma Kano hannu rabbana bayan shekara huɗu, in ci gaba da amsa Malam a ofishin da yaran da na koyar suke amsa Dakta. Ana cikin haka wasiƙarta ta zo. Za su yada zango a Kuala Lumpur ita da 'yarta a hanyarsu ta zuwa Turai, su iso daren Litinin, jirginsu ya tashi Alhamis da rana. Ta ce ba a otal take so mu haɗu ba, tana so ta ga ɗakin da aka yi shekara biyu ana jin sunan mahaifiyarta.

To a ɗakin nan akwai kakarku Hajiya Dije. Ta zo wa mahaifiyarku wankan jego, haihuwarki ke nan Safiyya, da buhun kuka da daddawa da kanwar da sai da aka yi sa'a guda ana yi wa ma'aikatan filin jirgi bayaninta. Ku yanzu kuna zama kujera ɗaya da surukanku har ku yi musu game da ƙwallo, ba za ku gane ba. Ni a gida mai ɗaki biyu nake surukuta irin ta da. Daga bakin ƙofa nake durƙusawa in gaishe ta. Abincina a baranda nake ci a tsaye cikin shanyar kayan jarirai. In ta shigo falo sai in tuna na manta wani abu a ƙasa, har mai gadin gininmu ya ɗauka motsa jiki likita ya sa ni. Wata biyar tana gidan, kalmar a'a ba ta taɓa fita daga bakina zuwa kunnenta ba.

Na tsara abina tsaf. Ranar Talata ƙarfe goma na safe, lokacin da Hausawan gininmu duk sun tafi makaranta, baƙuwa za ta zo, a sha shayi, a sa hannu, in saka ta a tasi. Mahaifiyarku ta san gaskiya. Hajiya kuwa na aika mata cewa wata Baturiya ce daga wajen aiki.

Rifka ta zo 'yar mitsitsiya, kai fari fat, da jan baki, da sandar da ta fi amfani da ita wajen nuna abu a kan dogarawa. 'Yarta Miriyam tana biye da ita da jakar magunguna.

Ta ce, "Kai ne ka yi shekara biyu kana saurarona? Ka yi haƙuri, ina da surutu."

Na zaunar da su, na shimfiɗa takardar a tebur, na ɗora biro a kai yana kallon ta. Har ta ciro tabarau, sai ga Hajiya ta fito da kwanon kunun kanwa. Kun san kakarku ba ta san gajeriyar gaisuwa ba. Ta zauna a tabarma ta soma: ya hanya, ya gajiya, ya aka baro mutanen gida. Ina daga bakin ƙofa ina fassarawa, kaina a ƙasa. Da ta ji sunan baƙuwa ta ce ai Rifkatu ce, ta san wata Rifkatu mai ɗinki a Sabon Gari, mutuniyar kirki. Daga nan ta shiga asali, wane gari, wace sana'a uba yake yi, su nawa ne a ɗakinsu, suna ina yanzu. Rifka ta ajiye tabarau ta yi magana mai tsawo. Da ta gama na ce:

"Ta ce sun rasu."

Hajiya ta ce, "Malam, matar nan ta yi magana ta kai tsawon huɗuba, ka kawo mini kalma huɗu? Rakiya, ba shi yarinyar ya riƙe, zo ki faɗa mini."

Haka aka miƙo mini ke Safiyya aka sauke ni daga aiki. Mahaifiyarku kuwa ba ta rage komai ba. Rifka tana da shekara tara a wani ƙaramin gari a Hangari. Da uwarta ta ga abin da ke tafe sai ta kai ta wajen wata manomiya Kirista, aka sauya mata suna, aka ce 'yar ƙanwar matar ce. Bayan 'yan kwanaki aka kwashe ubanta da uwarta da yayyenta mata biyu da ƙaninta a jirgin ƙasa. Babu wanda ya dawo, babu kabarin da za a nuna.

Hajiya ta ce, "Bayahudiya ce ke nan."

Mahaifiyarku ta ce e. Ni kuwa na dubi taga ina auna hawa goma sha ɗaya. Hajiya ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce a tambaye ta wa ya zauna mata makoki. Rifka ta ce su ma suna da zaman, kwana bakwai ake yi, a zauna a ƙasa, mutane su yi ta zuwa da abinci. Amma ita wa zai zauna mata? Tana yarinya, da sunan da ba nata ba, kuma da yaƙi ya ƙare ba wanda ya san ranar da suka mutu, ba kuma wanda ya rage da zai zo.

"Shekara saba'in," in ji Hajiya, "ba wanda ya zo ya tsuguna ya ce mata ya haƙuri?"

Aka ce babu.

"To gaisuwar mutuwa ba ta ruɓewa. Ni sai da na shekara tara kafin na je wa Hajiya Ladi gaisuwar mijinta, kuma muka yi kukanmu sabo fil. Gobe bayan azahar za a zauna a nan. Malam, ka sanar da jama'a."

Sai ta miƙa hannu ta ɗauke takardata daga kan tebur, ta ninke ta biyu ta cusa a ƙarƙashin filon da take jingina. Ta ce ba a sa hannu a takarda a gidan da ake makoki, sai an yi uku. Na ƙirga a zuciyata, Laraba, Alhamis, Juma'a. Jirgi kuma Alhamis da rana. Na buɗe baki, ina tuna shekara huɗu na wahalata, abin da ya fito shi ne:

"To, Hajiya."

Miriyam ta ce sam, mahaifiyarta ba za ta iya wannan ba, likita ya hana ta tashin hankali. Rifka ta kurɓi kunun, ta yamutsa fuska, ta sake kurɓa.

Ta ce, "Na ga abubuwa da yawa, amma ban taɓa ganin wannan ba. Zan zo."

Sanarwar da na rubuta a zauren waya na 'yan ƙungiya, da za a ba da digiri a kan zamiya da ranar na kammala. Na ce an yi wa baƙuwar gidana rasuwar mahaifi da mahaifiya da 'yan'uwa uku, za a karɓi gaisuwa gobe bayan azahar. Ban faɗi yaushe ba, ban faɗi ko wace ce ba. Fatana mutum biyar su zo su tafi. Kafin la'asar labari ya kai unguwar Titiwangsa ya dawo, wasu sun ce ambaliya ce, wasu sun ce gobara. Shugaban ƙungiya mai barin gado, Dakta Lawan, wanda muke ce wa Dakta tun bai kare kundinsa ba, ya bugo mini.

"Malam Sabo, mutum biyar at once? Accident ne?"

Na ce, "Jirgin ƙasa ne ya kwashe su."

Wannan amsa har yau tana ƙona ni. Na san abin da jirgin ya kwasa, na san inda ya kai su, na ji shi da muryar 'yarsu, amma na mai da shi abin fakewa.

Da safe Hajiya ta aike ni kasuwar Chow Kit da jerin kaya a baki, na dawo da buhun shinkafa a kafaɗa cikin jirgin ƙasan nan na cikin gari mai tafiya a kan siraɗi ɗaya, 'yan ofis suna ja da baya. Aka kwashe kujeru aka jibge a baranda, aka malala tabarmi, aka rataya zani tsakanin maza da mata. Mutum biyar ɗin da nake fata suka zama sun fi arba'in. Matan aure suka zo da kuloli. Samari masu karatun digirin farko suka zo su ma, don ɗalibi a Kuala Lumpur in ya ji ana sadakar abinci ko jarrabawa yake rubutawa zai nemi uzuri. Har maƙwabciyarmu 'yar ƙasar ta aiko da ƙunshin gurasa daga shagon mamak, wato na abincin Indiyawa Musulmi, da ke ƙasan gini. Kowa ya tuɓe takalmi a waje yadda muke yi mu da masu ƙasar, takalma suka taru tuli guda tun daga ƙofa har kusa da lif.

Na sauka na taho da Rifka da 'yarta. Lif na buɗewa Rifka ta yi taku biyu ta tsaya cik. Miriyam ta riƙe hannunta. Ni kaɗai cikin Hausawan ginin na san abin da take gani. A sansanonin nan, kafin a kashe mutane sai a tuɓe musu takalma, kuma da yaƙi ya ƙare an tarar da su tsibi-tsibi, na manya da na yara. Na ce a raina shi ke nan, na kashe tsohuwar mutane, digiri kuwa ban ma cancance shi ba. Daga ciki ana jin kukan jarirai da ƙarar kwanoni da wani yana musu a kan farashin tikiti. Ta sa sanda ta taɓa wani ɗan silifa na yaro.

Ta ce, "Akwai hoto irin wannan a gidan tarihinmu. Shekara talatin ina tsayawa gabansa ina yi wa 'yan makaranta bayani. Ban taɓa ganin tuli haka masu shi suna ciki suna hayaniya ba."

Ta dafa 'yarta ta tuɓe nata ta ɗora a sama. Sai ta juyo gare ni.

"Me ka gaya musu game da ni?"

Na faɗa mata, don idonta ba irin wanda ake yi wa zamiya ba ne.

"An taɓa ɓoye ni," in ji ta. "Matar da ta ɓoye ni, da an kama ta da ita da 'ya'yanta za a kashe. Kai me za a yi maka?"

Na ce, "Akwai zaɓen ƙungiya wata mai zuwa."

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Lallai babban abu ne. Shiga gaba."

Aka zaunar da ita a tabarma kusa da Hajiya, a bakin zanin da ya raba falon, inda kowa zai gan ta. Mutane suka ɗan yi mamakin ganin Baturiya, suka kuma yi mamakin yadda mai shekara tamanin take da iyaye har jiya, amma aka ce ikon Allah. Dakta Lawan ya miƙe da jawabinsa a rubuce. Ya yi sallama, ya yi godiya ga kwamitoci uku, sannan ya juyo ya ce:

"Malam Sabo, for the record, yaushe aka yi jana'iza, kuma a ina?"

Nan ne wurin da ke Safiyya kika rubuta cewa na miƙe kamar zaki. Ban miƙe ba. Ina zaune ina nazarin saƙar tabarma, sai muryar Hajiya ta fito daga bayan zani.

"Malam, faɗa musu."

Na faɗa, da muryar da ba ta fi ta ɗan tsako ba. Na ce ba a yi jana'iza ba. Na ce shekara saba'in ke nan. Na faɗi ko su wane ne, da wanda ya kashe su, da dalilin, na kuma faɗi abin da na yi shekara biyu ina bincike a kai. Sannan abin da ke faruwa in aka tara masu neman digirin dakta talatin a ɗaki ɗaya ya faru. Wani ya ce bai halatta ba. Wani ya ce ya kawo hujja da shafi. Wani mai karatun injiniya ya ce a raba mas'alar gida uku. Mutum huɗu suka ciro waya suna neman fatawa, kowa ya samo wadda ta dace da abin da ya riga ya faɗa. Samarin nan kuwa idonsu na kan kuloli, suna tsoron kada a watse kafin a buɗe.

Dakta Lawan bai shiga gardamar ba. Ya ninke takardarsa ya ce na yaudare su, kuma gaskiya ya faɗa. Ya ce yaran da ake kashewa a Gaza wa ya zauna musu makoki. Ba zan yi masa dariya ba ko a takardar nan, don ciwonsa na gaske ne. Hajiya ce ta ɗage zanin da hannu ɗaya.

"'Ya'yan nan, ni ban yi boko ba. Ba wanda ya ce ku yi wa mamata addu'a, wannan tsakaninsu da Mahaliccinsu ne. Ga mai rai nan a zaune. Tana da shekara tara aka kashe uwarta. Wanda zuciyarsa take ciwo saboda yaran da ake mayarwa marayu yau, to ga ɗaya nan ta tsufa. Mai iya ce mata ya haƙuri ya matso. Wanda ba zai iya ba ƙofa a buɗe take, ba a dole, amma ya ɗauki shinkafarsa, ba ni zan cinye buhu guda ba."

Wasu suka tashi, kusan mutum goma, Dakta Lawan a gaba. Sai dai fita cikin fushi tana bukatar takalmi biyu, shi kuwa ɗaya ya samu. Ya fi minti goma yana tonon tulin nan da ƙafa ɗaya a sama, ƙofa a buɗe, Rifka tana kallonsa daga inda take. Da abin ya yi tsawo ya ɗago, suka haɗa ido. Ya dafa ƙirji ya ce mata da Turanci yana taya ta jimami, sannan ya tafi da silifan wani. Ni dai bai sake yi mini magana ba har muka baro ƙasar.

Sauran suka soma matsowa ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya tsuguna ya ce ya haƙuri, Allah ya ƙara haƙuri. Mahaifiyarku ta koya mata amsa, ta riƙa cewa da godiya da irin harshenta, tana murmushi kamar mai kallon wasa. Wajen mutum na goma murmushin ya tafi. Wata matar aure mai suna Asabe, wadda aka kashe wa wa a wani rikici a gida, ta tsuguna ta riƙe hannunta kawai. Hajiya ta ce a tambaye ta sunayensu, don ba a makokin wanda ba a san sunansa ba. Rifka ta fara faɗa. Na uba, na uwa, na yayye biyu. Duk wanda ta faɗa Hajiya ta maimaita, ta karya shi yadda bakinta ya iya. Da ta zo kan ƙaninta sai muryar ta tsaya. Na saurari matar nan sa'o'i masu yawa a naɗe, tana ba da labarin nan tiryan-tiryan ba gargada, ban taɓa jin ta yi kuka ba. Ranar ta yi, irin kukan yarinya, ta kifa kai a kafaɗar Hajiya, mata suka kewaye su. Ni ma na yi nawa a zaune a gaban surukata, na manta ana tashi a shiga banɗaki.

Aka ci shinkafa, samari suka yi aikin da ya kawo su. Gab da magariba Miriyam ta ce dole su tafi, gobe akwai jirgi, ta kuma tuna mini da takardar, don ita mace ce mai tsari. Na saci kallon filon Hajiya.

Hajiya ba ta ko dube ni ba ta ce, "Na ce sai an yi uku."

Na raka su har tasi ban sake tayar da maganar ba. Ba don na zama mutumin kirki a yini ɗaya ba, kunya ce ta hana ni. Bayan abin da na gani, in bi tsohuwar nan da biro ina cewa sa hannu a nan, ko ni ban kai nan ba. Na yi musu sallama, na hau sama ina lissafin yadda zan gaya wa farfesa cewa kundina yana ƙarƙashin filon surukata.

Zaɓe dai na sha ƙasa, ƙuri'a uku na samu, kuma ina zargin ɗaya ta Asabe ce. Babbar rigar ita ce wadda kuka ga na ba Sale. Akwai gidajen da aka daina gayyatarmu suna, akwai kuma sunan da aka laƙa mini wanda ya riga ni isa Kano. Wannan duka na biya, ban kuma yi nadama ba, amma ku sani ba ni na saya ba, kakarku ce ta saya ta ce in biya. Takardar da kuke gani a shafin farko na kundina kuwa, in kun duba za ku ga ranar Juma'a aka sa mata hannu. Ga yadda aka yi.

Alhamis da hantsi ina zaune a baranda ina rubuta wa farfesa wasiƙar ban haƙuri. Hajiya ta sa an sake share tabarmi, ta ɗora tukunya, ni kuwa ina cewa a raina za a yi makoki babu mai makoki. Sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Na buɗe, ga Rifka cikin baƙaƙen kaya, babu jan baki, takalmanta a hannu. Miriyam tana bayanta da fuskar wadda ta yi safiya tana faɗa da kamfanin jirgi.

Na ce, "Madam, jirginki fa? Ƙarfe ɗaya zai tashi."

Ta ce, "Ya tashi mana. Mai gidan ta ce kwana uku ake yi."

Na tsaya a bakin ƙofa baki buɗe. Ta ɗaga sandar ta taɓa ni a gwiwa.

"Matsa, ka tare mini hanya. Mutane za su zo yi mini gaisuwa."